Darasin wata: Garken kuɗi da yadda ake zaɓen makiyayinsa

  

Darasinmu na wanga wata maganar kuɗi ce. Ga abin da ya kawo ta.

Ran nan, da aka tashi daga taron masu sauraron rediyo, wani dattijo ya riƙe mini hannu ya ja ni gefe. Ɗansa yana aiki Abijan shekara da shekaru, yana aiko abin da ya samu. Bana ya kira ta salula ya ce a daina sayen tumaki da kuɗin, wai ya ji labarin wani asusu da ake kira FCP, can yake son a riƙa zuba su. Nufinsa kuɗin su jira ɗiyarsa, wadda take aji huɗu yanzu, har ranar da za ta shiga makarantar aikin likita a Maraɗi, nan da kamar shekara tara.

Dattijon ya ce mini: "Malamin gona, na san rumbu, na san garke, na san asusun mata. Wanga kuwa ta ina ƙofarsa take? In na ƙi, na ɓata wa yaro rai. In na yarda kuɗin suka salwanta, na cuci jikata."

Na ce: "Baba, ba ni kwana kaɗan. Zan rubuta amsar cikin jaridarmu, don ba kai kaɗai ke da wagga tambaya ba."

To, ga amsar. Ku karanta ta sannu. Ku karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Ku ɗauko allo da alli, don akwai lissafi.

1. KOWANE KUƊI DA RANARSA

Mu da muke zaune bakin kwarin Tarka, inda gona take ƙarewa makiyaya ta fara, mun san damana ba ta da alkawari. Saboda haka, kafin ka tambayi inda za ka sa kuɗi, tambayi kanka: yaushe zan bukace su? Kuɗin gida iri uku ne.

Na farko, kuɗin bana. Su ne na cimaka, na magani, na iri, na suna da na haraji. Wurinsu kusa da hannu: rumbun gida, rumbun tsimi na gari, ko akwatin ƙungiyar mata. Wagga dubara ta akwati, wadda ake kira Mata Masu Dubara, a jaharmu ta Maraɗi aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma daga nan ta bazu ƙasashe da yawa. Ana zubi kowane mako, ana rance, ana rabo kafin shekara ta zagayo.

Na biyu, kuɗin baɗi ko na nan da shekara uku. Su ne na sayen san huɗa, na amalanke, na auren yaro. Wurinsu rago ko sa a turke, ko littafin ajiya a banki ko a asusun ajiya da rance mai izinin hukuma. Mai littafin ajiya a bankunan yankinmu ana ƙara masa jikka 3 da rabi bisa kowace jikka 100 a shekara.

Na uku, kuɗin nesa. Su ne waɗanda ba za a taɓa ba sai bayan shekara biyar, ko goma, ko fiye: karatun ɗiya, aikin hajji, gina rijiya, guzurin tsufa. Darasinmu a kan waɗannan yake.

Ga doka ta farko, ku rubuta ta bisa allo: ba a tsallake na farko da na biyu a tafi na uku. Wanda hatsinsa ba zai kai shi wata kaka ba, kada ya kai kuɗinsa nesa. In ya kai, yunwar watan Yuli za ta tilasta masa ya ɗauko su da hasara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

2. DON MI BA ZA A BINNE SU KO A SAYI BISASHE BA?

Kuɗin da aka binne a tukunya suna da abokan gaba huɗu: gara, gobara, ɓarawo da tsadar kaya. Na ƙarshen ya fi sauran ɓarna, don ba a jin motsinsa. Manya suna tune da watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Wanda ya kwana da jikka 100 ya tashi da jikka 100, amma taki, magani da tufafin da ake kawowa daga waje suka fi ƙarfinsu. Ko ba a karya kuɗi ba, ka tambayi tsohuwarka nawa take sayen tiyar hatsi tana amarya, ka gwada da kuɗin tiya yau.

Bisashe kuwa dukiya ce ta gaskiya. Suna haihuwa, suna ba da nono da taki. Ba ni cewa kowa ya sayar da garkensa. Amma mun ga 1973 da 1974, mun ga 1984, mun ga 2010. Ranar da ciyawa ta ƙare, hatsi yana tsada, sa yana faɗuwa, duk lokaci guda. Gona da garke gajimare ɗaya suke jira. Amfanin ajiye wani abu nesa shi ne ya zamana kana da dukiyar da ba ta jiran ruwan Dakoro.

3. MI NE NE ASUSUN HAƊIN JARI?

Ku duba abin da muke yi da rani. Mai tunkiya biyu ba ya iya barin gida ya bi su daji. Mai akuya uku haka. Sai a haɗa bisashen gari a yi garke ɗaya, a ba makiyayi, a yanka masa lada. Shi ya san inda ciyawa take, ya san rijiya, ya san hanyar da ba a ratsa gonar mutane.

Asusun haɗin jari haka yake, sai dai kuɗi ake haɗawa. Mutane ɗaruruwa ko dubbai suna zuba abin da suka iya. Wani kamfani mai izinin hukuma shi ne makiyayi. Yana sayen abubuwa iri biyu da kuɗin.

Ɗaya, hannun jari. Wato ɗan yanki na mallakar babban kamfani, kamar na waya, na wutar lantarki, na sukari ko banki. In kamfanin ya ci riba, ana raba wa masu hannu. In ya yi hasara, darajar hannun tana faɗuwa.

Biyu, takardun bashi. Wato gwamnati ko kamfani ya ranci kuɗi, ya rubuta ranar biya da abin da zai ƙara a kai kowace shekara.

Kai da ka zuba kuɗi, ana ba ka rabo. In kuɗin rabo ɗaya jikka 10 ne, ka kawo jikka 50, kana da rabo 5. Ana lissafa darajar garken duka a kai a kai, a raba da yawan rabo, a fitar da kuɗin rabo ɗaya na ranar. In garke ya yi ƙiba, rabonka ya hau. In ya rame, rabonka ya sauka. Ranar da kake son fita, ana sayen rabonka bisa kuɗinsa na wannan lokaci, ba bisa abin da ka zuba ba. Ku riƙe wagga magana da kyau.

Bisa takardu za ku ga haruffan faransanci FCP, ko SICAV, ko OPCVM. Duk sunayen wanga irin asusu ne. Dubarar tsohuwa ce: a 1774 wani ɗan kasuwa na ƙasar Holan ya kafa irinsa, ya ba shi suna mai ma'anar haɗin kai shi ne ƙarfi. Mu ma mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. INA AKE KAI GARKEN KIWO?

Ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suna da kasuwar jari guda: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kot Dibuwar, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Sunanta BRVM. Cibiyarta tana Abijan, ta fara aiki a 1998, kuma tana da reshe a Yamai. Kamfanoni fiye da 40 ake cinikin hannun jarinsu a cikinta. Akwai Sonatel na wayar Senegal, akwai bankin BOA na Nijar. Kamar yadda ba ka sayen sa a kasuwar Sakabal sai ta hannun dillali, haka nan ba a ciniki can sai ta hannun dillalai masu izini, waɗanda ake kira SGI.

Kasuwar tana da mai tsaronta. Hukuma ce da a da ake kira CREPMF, tun 2022 sunanta AMF-UMOA. Ita ke ba da izini ga kowane asusu da kowane kamfanin da ke kiwon kuɗin jama'a.

Asusun ba duka iri ɗaya ba ne. Ga manyan iri huɗu:

Na gajeren zango. Yana ba da rance na ƴan watanni. Ƙaruwarsa kaɗan ce, faɗuwarsa kaɗan ce. Kamar akuyar da ke kiwo bayan gida. Ya dace da kuɗin da za a bukata nan da shekara ɗaya ko biyu.

Na takardun bashi. Yana tafiya sannu, ba ya yawan hawa da sauka. Ya dace da shekara uku zuwa biyar.

Na hannun jari. Shi ne garken da ke tafiya arewa mai nisa. Yana iya dawowa da ƙiba, yana iya dawowa da rama. Ba na wanda zai bukaci kuɗinsa kafin shekara biyar ba ne, kuma shekara goma ta fi.

Na gauraye. Wani kashi hannun jari, wani kashi takardun bashi. Kamar gonar da aka shuka hatsi da wake tare: in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya rufa asiri.

5. GARKEN KUƊI MA YANA SHIGA FARI

Kada wani ya ce muku can babu hasara. Ga abin da ya faru. Daga 2016 zuwa 2020, shekara biyar jere, ma'aunin kasuwar BRVM yana sauka. Abin da ya kai jikka 100 a ƙarshen 2015 bai kai jikka 50 ba a ƙarshen 2020. Sai a 2021 ya tashi da kusan kashi 40 bisa 100 cikin shekara guda. Wanda bukata ta kama shi a 2020 ya sayar da hasara mai yawa. Wanda ke da hatsi a rumbu ya jira, ya ga dawowar ciyawa.

Takardun bashin gwamnati ma ba su rasa ranar tangarɗa. A 2023, da aka sa wa ƙasarmu takunkumi, biyan bashin da ta ɗauka a kasuwar yankin ya tsaya wata da watanni, sai bayan an ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024 aka koma biya. Asusun da ya zuba komi cikin takardun ƙasa ɗaya ya fi jin jiki bisa wanda ya rarraba cikin ƙasashe da yawa. Makiyayi na gari ba ya dogara da rijiya guda.

Saboda haka ku sani: asusun haɗin jari ba ya da garanti. Ba wanda ya yi maka alkawarin mayar da abin da ka zuba. Abin da doka ta yi maka shi ne ta sa ido kada a sace, kada a ɓoye maka lissafi.

6. TAMBAYOYI SHIDA KAFIN KA MIƘA KUƊINKA

Ba ka ba baƙo saniyarka don ya iya magana. Kana tambayar asalinsa, da wanda ya san shi, da ladansa. To, ga tambayoyin da za ka yi wa makiyayin kuɗi. Matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta 1: Ina izininka? Ya nuna maka lambar izinin AMF-UMOA bisa takarda, ta kamfanin da ta asusun kansa. Hukumar tana buga sunayen masu izini a intanet. Ka sa ɗan makaranta ko malamin lakkol ya duba maka. In sunan ba ya ciki, tashi ka kaɗe rigarka.

Tambaya ta 2: Wa ke riƙe da dukiyar? Doka ta raba aiki biyu. Mai kiwo daban, mai ajiya daban, kuma akwai mai binciken lissafi da ke dubawa kowace shekara. Kun san akwatin mata yana da makulli uku a hannun mata uku, kun san magazan na warantaji yana da kwaɗo biyu. Dalilin ɗaya ne. In mutum guda ke kiwo, shi ke ajiya, shi ke lissafi, wanga ba asusu ba ne, aljihunsa ne.

Tambaya ta 3: Mi kuke saye da kuɗin? Kowane asusu yana da takardar bayani. A ciki an rubuta ko na hannun jari ne, ko na bashi, ko na gauraye, da tsawon lokacin da ya kamata kuɗi su zauna. Ka gwada wanga lokaci da ranar bukatarka. In ba su dace ba, asusun ba naka ba ne, ko da mai kyau ne.

Nan ne kuma maganar addini take shigowa. Takardun bashi suna da kuɗin ruwa. Cikin kamfanonin kasuwar akwai na giya, akwai na taba, akwai bankuna. Akwai kuma asusun da aka kafa bisa ƙa'idar Musulunci, masu kauce wa waɗannan. Ka nemi a nuna maka a rubuce, ka kai wa malamin da ka amince da saninsa kafin ka sa hannu. Ka tambaye shi kuma hukuncin zakka bisa dukiyar da ke can.

Tambaya ta 4: Nawa ne ladanku? Lada uku ne: na shiga, na kiwo da ake cira kowace shekara, da na fita. Na kowace shekara ya fi nauyi, don ana cirar sa ko an ci riba ko ba a ci ba. Za mu ga lissafinsa nan gaba.

Tambaya ta 5: Yaya kuka yi a shekarun fari? Kada ka yarda da labarin shekara ɗaya. Ko malalacin makiyayi yana dawowa da ƙiba shekarar da ruwa ya wadata. Ka ce a nuna maka kuɗin rabo na shekara biyar ko goma da suka wuce, musamman 2017 da 2018. Ka gwada shi da wani asusu irinsa. Kuma ka tuna, damanar bara ba ta ɗaukar alkawarin ta bana.

Tambaya ta 6: In ina son kuɗina, kwana nawa? Ta wace hanya? Sai na je Yamai da ƙafata? Nawa ne mafi ƙarancin zubi? In na rasu, wace takarda magadana za su kawo? Daga Rumbu zuwa Yamai tafiya ce mai cin kuɗin mota. In kuɗin mota za su cinye ribar shekara, ka sa wannan cikin lissafi.

7. MU YI LISSAFI

Lambobin da ke biye misali ne na aji, don koyo. Ba alkawarin kowane asusu ba ne. Ku tuna jikka 1 ita ce 1.000 F, wato dala 200.

Lissafi na farko: nauyin lada. Asusu biyu, kowane yana samun jikka 7 bisa 100 a shekara. Na farko ladansa jikka 1, ya rage maka 6. Na biyu ladansa jikka 3, ya rage maka 4. Ka zuba jikka 100, ka bar ribar tana haihuwa a ciki shekara goma. Na farko zai zama kamar jikka 179. Na biyu kamar jikka 148. Bambancin jikka 31 ne. Jikka 2 da ka raina a shekara sun tafi da kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ka fara da shi.

Lissafi na biyu: amfanin zubi kowace kaka. Wata mace tana zuba jikka 40 kowace shekara bayan ta sayar da wake da ragonta.

Shekara ta 1: rabo jikka 10, ta samu rabo 4.
Shekara ta 2: rabo ya sauka jikka 8, ta samu rabo 5.
Shekara ta 3: rabo yana jikka 8, ta samu rabo 5.
Shekara ta 4: rabo ya koma jikka 10, ta samu rabo 4.

Ta zuba jikka 160. Tana da rabo 18. A jikka 10, dukiyarta jikka 180 ce. Kuɗin rabo bai wuce inda ya fara ba, amma ta ƙaru da jikka 20, don ta ci gaba da saye lokacin araha.

Maƙwabcinta ya zuba jikka 40 tare da ita shekarar farko. Da ya ji rabo ya sauka, tsoro ya kama shi, ya sayar da rabonsa 4 a jikka 8. Ya karɓi jikka 32. Ya yi hasarar jikka 8. Asusu ɗaya suka shiga. Abin da ya raba su haƙuri ne, kuma haƙurin nan rumbu cike ke ba da shi.

8. KURA DA FATAR AKUYA

Yanzu salula ta shiga kowane ƙauye, macuta ma sun biyo ta. Shekarun baya, cikin wani gari da nake zagayawa, wani magidanci ya sayar da san huɗarsa ya aika kuɗin ga wani da ya yi masa alkawarin ninka su cikin wata uku. Watan farko aka aiko masa ƴar riba. Ya yi murna, ya jawo ƙanensa da surukinsa. Wata na biyu lambar ta daina shiga. Damanar nan da hauya ya yi ta, shi da ƴaƴansa, kuma har yau surukin ba ya amsa sallamarsa da sakin fuska.

Masu zuwa cin rani Najeriya sun san labarin MMM, wanda ya yi alkawarin kashi 30 bisa 100 kowane wata, ya rufe kuɗin mutane a watan Disamba na 2016. Dubarar ba ta sakewa: kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wanda ya shigo jiya, har ranar da masu shigowa suka ƙare.

Ga alamunsu. Suna rantsuwa riba tabbas ce. Suna faɗin riba ta wata ko ta mako, mai yawa. Suna cewa ka kawo mutane a ƙara maka. Suna gaggauta ka, wai gobe za a rufe. Suna cewa ka aika kuɗi bisa sunan mutum, ba bisa sunan kamfani ba. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya isa. Ka tambayi kanka: wace tunkiya ce ke haihuwa kowane wata? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

9. ABIN DA NA CE WA BABA

Baba, ga shawarata, kai da ɗanka.

Ku fara auna rumbu. In hatsin zai kai ku kaka, kuma akwai abin magani a hannu, to sauran kuɗin nesa ne.

Kada ku sayar da tumakin da ke akwai. Ku raba abin da yaro ke aikowa: wani kashi garke, wani kashi asusu. Ku fara da kaɗan, abin da in ya ragu ba za a kwana da yunwa ba.

Tun da yaron yana Abijan, inda kasuwar da hukumar suke, ya je ofis da ƙafarsa, ya yi tambayoyin nan shida, ya karɓi takardar bayani ta asusu biyu ko uku ya gwada su. Shekara tara tana ba ku damar asusun gauraye. Amma in ya rage shekara biyu ko uku yarinya ta shiga makaranta, ku fara kwaso kuɗin sannu sannu zuwa wuri mai kwanciyar hankali. Ba a barin garke arewa har ranar da ake bukatar sa a kasuwa.

A rubuta asusun bisa sunan mai shi na gaskiya, da katin ɗan ƙasa. Kowane zubi a karɓi rasit. A ajiye takardun cikin leda, cikin akwatin ƙarfe. Uwar yarinya ta san inda suke, wani babba cikin gida ma ya sani. Dukiyar da mutum ɗaya kaɗai ya san wurinta, tare da shi ake binne ta.

Ke ma ƴar uwa, in kuɗin naki ne, na sana'arki ko na rabon asusu, a rubuta sunanki. In ƙungiya ce ko koparatib ke son zubawa, a yanke shawara gaban kowa, a rubuta cikin littafin taro, mutum biyu ko uku su sa hannu.

Na san da yawa cikinmu ba su kai ga kuɗin nesa ba tukuna. Wanga ba abin kunya ba ne. Wanda ya cika rumbunsa, ya tsare zubinsa na mako, ya riga ya hau matakin farko. Tambayoyin nan shida kuma suna aiki ga duk wanda ya zo neman ku ba shi ajiya, ko banki ne, ko asusun gari, ko ɗan uwa. Sannu ba ta hana zuwa.

AIKIN DA ZA KU YI A TARONKU

1. Kowa ya rubuta bukatunsa uku: ta bana, ta nan da shekara uku, ta nan da shekara goma. Ina ya kamata kuɗin kowace su zauna?

2. Rabo ɗaya jikka 5 ne. Ka kawo jikka 35. Rabo nawa za a ba ka? In rabo ya koma jikka 6, nawa ne dukiyarka? In ya koma jikka 4 fa?

3. Ladan shiga jikka 2 ne bisa 100. Ka kawo jikka 50. Nawa za a cira, nawa za su shiga garke?

4. Ku faɗi tambayoyi shida ba tare da duba takarda ba.

5. Wani ya kira ka ya ce jikka 10 za su zama 20 cikin wata guda. Mi za ka ce masa?

Ku ba shugaban taronku amsoshin, ya kawo mini ranar kasuwa ko ya aika gidan rediyo. Za mu karanta su cikin shirin manoma. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa adana wake cikin buhu mai leda biyu ba tare da magani ba.

 

Malamin gonarku na Rumbu